Sanduna Biyun Malam Gyara

Sunansa na gaskiya yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma a kamfanin bas ɗin nan ko mai gadi bai san shi da shi ba. Malam Gyara ake ce masa, kuma ni dai ban ga an zalunce shi ba.

Shi ne mai rubuta manhajar da ke raba wa direbobi motoci, take faɗa wa kowace bas tashar da za ta tsaya da wadda za ta wuce. In ka hau bene ka wuce ɗakin masu lissafi, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon gareji. Tebur biyu ne a ciki, da fankar da ke kuka kamar an taka mata wutsiya. Tebur ɗaya nasa, ɗayan na Dogo, abokin aikinsa, mutumin da bai taɓa buga harafi biyu a inda ɗaya zai isa ba.

Malam Gyara ya san aikinsa, wannan ba a musu. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya cewa a'a. Ya gama aiki tsaf, sai wani ya leƙo ya ce da an matsar da wancan gefe da ya fi kyau, sai ka ji ya ce, “Bari in gyara.” Wani ya zo bayansa ya ce ai yadda yake da farko ya fi, nan ma bari in gyara. Ba tsoro ba ne. Shi dai duk wanda ya buɗe baki sai ya hango masa gaskiya, kuma wanda ya yi magana a ƙarshe shi ya fi kowa gaskiya.

A gida ma haka. Bangon falonsa ya sha fenti har ya yi kauri, don duk baƙon da ya zo yana da launin da yake so. Doguwar kujera ta zaga kusurwa huɗu ta dawo inda ta faro. 'Ya'yansa biyu kuwa, ya sake musu suna a ofishin rajista har maƙwabta suka gaji, suka koma kiransu Babba da Ƙarami, yanzu ga su da gemu ana kiransu haka. Matarsa, Maman Babba, ma'aikaciyar jinya ce, mace mai magana ɗaya. Takan ce da ta san haka yake, da tun ranar da ya ce yana sonta ta sa ya rubuta ya sa hannu, kada wani ya ba shi shawara a hanya.

To, ga yadda sanduna biyu suka shigo rayuwarsa.

A yaren kwamfutar da suke aiki da shi akwai abin da ake kira tari. Kamar kwando ne da ba ya karɓar abu iri ɗaya sau biyu. In kana son tari, sai ka buɗe baka mai lanƙwasa, ka zuba kayanka, ka rufe, shi ke nan. Amma wannan kwandon bakinsa a buɗe yake, kowane sashe na manhaja na iya jefa abu ko ya ɗauke. Akwai wani irin tarin kuma, daskararre, wanda da zarar an rufe shi ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Shi ne mai aminci. Sai dai kafin ka same shi sai ka rubuta wata doguwar kalma, ka buɗe baka, ka sake buɗe wata bakar a ciki, sannan ka rufe su duka. Masu rubuta manhaja kuwa, Allah Ya yafe musu, gara su yi gardamar wuni guda da su buga haruffa tara.

Wata rana Dogo ya rubuta tarin tashoshin da aka rufe don gyaran hanya. Ya rubuta mai buɗaɗɗen baki, saboda ya fi sauri. Can cikin manhajar wani layi ya yi tuntuɓe ya jefa babbar tashar gari a ciki. Washegari da safe bas-bas suka riƙa zuwa ƙofar babbar tasha suna wucewa fuu, direbobi na ɗaga wa fasinjoji hannu cikin ladabi, don na'urar gabansu ta ce a rufe take. Mutane suka yi ta bin motoci da jakunkuna. Manaja ya hau benen nan, abin da bai taɓa yi ba, ya wanke su tas su biyun, ya sauka yana haki.

Dogo ya gyara layin ya manta. Malam Gyara bai manta ba. Ya zauna yana kallon gareji, yana tunanin cewa laifin ba na Dogo ba ne, na wanda ya sa hanyar aminci ta fi hanyar ganganci tsawo ne. Da daskararren tari yana da tasa gajeriyar alama, da ko malalaci ya rubuta shi. A ranar ya zana abin a allonsa: baka mai lanƙwasa, sai sanda a tsaye, kaya a tsakiya, sanda, a rufe baka. Sanda nan, sanda can, kamar an saka wa ƙofa sakata. Ya yi kyau har Dogo ya miƙo wuya ya ce ba laifi, wanda a bakin Dogo babban yabo ne.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa Dogo ba. Furfura ta riga ta ci rabin kansa, ritaya na leƙowa. Duk abin da ya rubuta tun yana saurayi an goge shi, wasu na baya suka goge, mafi yawa shi ya goge da hannunsa. Gini ba shi da shi, littafi ba shi da shi. Amma abin da ya shiga cikin yaren kwamfuta ba ya fita, don miliyoyin mutane za su dogara da shi. In sandunan nan biyu suka shiga, to bayan an manta da shi da kamfanin bas ɗin duka, wani a wata ƙasa zai buga su. Abu ɗaya yake so ya bari a duniya wanda ba wanda zai zo ya ce a matsar, kuma ya so abin har cikin ransa.

Yaren ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Akwai wani dandali a intanet inda duk mai shawara zai rubuta ta, jama'a su yi ta tsokaci, daga nan wasu dattawa da aka zaɓa su duba su yanke. Dattawan suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa wasa da ita: ba sa duba shawara sai ta yi wata guda cur mai ita bai taɓa ta ba. Hujjarsu ita ce ba za su ɓata lokaci kan abin da mai shi ma bai gama yarda da shi ba. Wata 'yar manhaja ce ke ƙirga kwanakin, da zarar ka taɓa rubutun sai ta koma farko. Ƙa'ida mai kyau, wallahi. Sai dai kamar da Malam Gyara aka auna aka ɗinka ta.

Ya saka shawararsa da hantsi. Kafin ya dawo daga cin abinci mutane sun cika wurin. A dandalin ba ka sanin mutum sai da hoton da ya liƙa. Wani mai hoton mage ya ce shawara ce mai kyau, amma sanda tana da wani aiki a yaren, za ta rikita masu koyo, me zai hana a sa harafi ɗaya kafin bakar? Malam Gyara ya karanta, ya gyaɗa kai, ya cire sandunan ya sa harafi. Wani mai hoton keke ya ce harafi zai yi kama da sunan wani abu, tauraro ya fi. Ya sa tauraro. Wata mai hoton kofin shayi ta ce a allon bugun ƙasarsu sai an danna maɓalli uku kafin a samu tauraro, wannan wariya ce. Ya ba ta haƙuri ya sa ɗigo biyu. Mai mage ya dawo ya ce da ya sake tunani, sandunan ba su da laifi.

Haka aka yi ta yi, shekara na bin shekara. Babu alamar da ke kan allon bugu da ba ta kwana a shawarar nan ba. Wasu suka shigo don faɗa da juna kawai, suka manta da abin da ya tara su. Wani ya rubuta dogon bayani kan cewa ba a ma buƙatar tari a duniya. Wani yakan zo duk bayan 'yan watanni ya tambaya ko an yi tunanin sa harafi kafin bakar, a nuna masa inda aka yi wannan gardamar, ya ce bai da lokacin karantawa. Malam Gyara yana amsa wa kowa, yana gode wa kowa, yana gyara wa kowa. 'Yar manhajar ƙirga kwanaki kuwa ba ta taɓa kai mako biyu ba, tana tafiya ana dawo da ita kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ana nan sai dattawa suka fitar da sanarwa. Za su rufe ƙofa. Yaren ya cika da alamomi, in an fitar da sabon bugu na bana ba za a ƙara karɓar wata sabuwar alama ba har sai abin da hali ya yi. Duk shawarar da ta cika watanta kafin ranar rufewa za a duba ta. Wadda ba ta cika ba za a kai ta ma'ajiya a kulle. Da Malam Gyara ya duba kalanda, ya ga abin da ya rage wata guda ne da 'yan kwanakin da ba su taka kara sun karya ba.

Ya koma gida da yamma ya kasa cin abinci. Maman Babba ta dawo daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba ta ga fuskarsa, ta zauna ta sa ya faɗa mata komai. Shekarun nan duk tana jin ana ta sanda da tauraro a gidanta, ta ɗauka wasan manya ne. Ranar ce ta fara jin dalilin. Da ya zo kan maganar abu ɗaya da yake so ya bari, sai ta ji tausayinsa ya kama ta, amma ba ta nuna ba, don ba halinta ba ne.

“Baban Babba, a cikin alamomin nan duka, wacce ce taka?”

Ya fara cewa ai kowacce tana da nata amfanin. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Sannan ya ce sandunan.

“To mayar da su yanzu ina kallo. In ka gama ka ba ni mabuɗin shiga dandalin. Ciwo ba ya warkewa ana sosa shi, kuma na ɗaure hannun waɗanda suka fi ka taurin kai.”

Ya mayar da sandunan kamar yadda ya zana su ranar farko. Ta canja kalmar sirrin da hannunta, ta riƙe a kanta. Ta kira Dogo a waya ta ce masa amana ce, in ya ga mijinta na neman wata hanya ta bayan gida ya sanar da ita. Dogo ya karɓa da murna, don aiki ne da ba ya buƙatar tashi daga kujera.

Kada Allah Ya nuna maka watan da Malam Gyara ya gani. Karatu yana iya yi, amsawa ce babu. Mai mage ya zo ya ce ɗigo biyun nan fa sun fi, ina mai shawarar ya shiga? Mai keke ya ce shirun nan raini ne. Malam Gyara ya riƙa zama da hannuwa a ƙarƙashin cinya yana gumi. Da abin ya yi masa yawa sai ya huce a kan kayan gida. Ya sake wa tukwane wuri, ya jera takalma daga manya zuwa ƙanana, ya dawo ya jera su ta launi. Ya je gidan Ƙarami ya juya masa gado. Maman Babba ta bar shi, ta ce duk abin da zai taɓa ya taɓa, ban da guda ɗaya. Wata safiya ya roƙe ta ta ba shi mabuɗin na minti ɗaya kawai, ya gaya wa mai kofin shayi cewa ba fushi yake da ita ba. Ta miƙa masa kofin shayinsa ta ce ga wadda ya kamata ya yi wa magana nan.

Sai wani abin mamaki ya faru, wanda shi bai taɓa sanin ana yi ba. Da jama'a suka ga ba a amsa musu, sai suka gaji. Mai keke ya koma wata shawarar yana yi musu hayaniya. Wasu da ba su taɓa magana ba suka fara fitowa suna cewa su dai sandunan sun yi musu. Har wani daga cikin dattawa ya ajiye kalma biyu, ya ce suna kallo. Malam Gyara ya riƙa buɗe shafin yana kallon kwanakin na hawa, sun wuce inda ba su taɓa kaiwa ba. Ya fara tafiya da ƙirji a gaba. A ofis mai lissafi ya leƙo ya ce da an ƙara girman rubutun rahoto, Malam Gyara ya ce zai duba, kuma bai duba ba. Dogo ya kusa faɗowa daga kujera.

Ana gobe watan zai cika, da safe kafin ta fita aiki, Maman Babba ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta faɗa masa kalmar sirrin. Ta ce gobe dattawa na iya yi masa tambaya, bai kamata a ce sai ya nemi izinin matarsa kafin ya amsa ba. Ta ce kuma ita abin ya dame ta, mutum da furfurarsa, uban manyan 'ya'ya, a riƙe masa hannu kamar mai ƙyanda. Ya warke, ta gani da idonta, kuma tana alfahari da shi. Ta faɗi haka ta fita da sauri, don irin wannan maganar nauyi take mata.

Ya je ofis zuciyarsa fal. Tun da suka yi aure bai taɓa jin kalmar alfahari daga bakinta ba. Ya zauna ya buɗe shafin, ya karanta shawararsa daga sama har ƙasa, ko waƙafi bai ji yana son taɓawa ba. A can ƙasa akwai wurin godiya. Ya ga ya gode wa mai mage, ya gode wa mai keke, ya gode wa mutumin da ya ce ba a buƙatar tari a duniya. Matar da ta ɗauki abin nan a kanta babu ita. Kunya ta kama shi. In wannan takarda za ta zauna har abada, ta yaya za ta zauna da mage babu Maman Babba? Ai godiya ba shawara ba ce, sandunan suna nan inda suke, ba abin da ya canja. A duk shekarun nan alamar yake gyarawa, bai taɓa samun dalilin gwada ko 'yar manhajar ta san bambancin ba. Dogo kuwa ya sauka sayen ruwa.

Ya rubuta layi ɗaya, ya danna. Lambar da ke saman shafin ta koma sifili.

Ya daɗe yana kallonta. Da Dogo ya dawo ya gani, sai ya ajiye robar ruwan a hankali, ya ce inna lillahi, ya zauna. Malam Gyara ya rubuta wa dattawa ya yi bayani. Suka amsa da ladabi mai sanyi. Sun ce sun gane, sun kuma ji ba daɗi, har ɗayansu ya ce da ta zo gabansu da shi ya ɗaga mata hannu. Amma 'yar manhajar ba ta karanta abin da aka rubuta, taɓawa kawai take gani, in kuma suka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe kowa zai ce nasa ma godiya ce. Mai mage ya buɗe sabuwar muhawara kan ko godiya tana cikin gyara. Ina jin har yau suna can suna yi.

Ranar rufewa ta zo aka rufe. Aka kai shawarar ma'ajiya, inda ake ajiye waɗanda ba a karɓa ba don na baya su gani. Abin da ya shiga can ba mai taɓa shi, ko mai shi, ko dattawan da kansu.

Bai iya faɗa wa Maman Babba ba sai da Dogo ya riga shi. Ta dawo daga aiki da yamma ta same shi a doguwar kujera, kwamfuta a cinya. Ranta a ɓace yake ƙwarai, ta fara da cewa wata guda na wahalarta, sannan ta tambaye shi wane mai hoton ne ya sake juya shi. Sai ya juyo mata da allon. Ta sunkuya ta karanta: “Godiya ga matata, wadda ta riƙe mini hannu wata guda, ta kuma yi haƙuri da ni tun kafin a ƙirƙiro wannan yaren.”

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta zauna a gefensa, jakar na kafaɗarta. Faɗan da ta taho da shi tun daga asibiti ya rasa ta inda zai fito.

“A kan wannan ka zubar da sandunanka?”

Ya ce eh.

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce wannan ai tonon asiri ne, duniya duka ta karanta, ya cire. Ya ce ba ya ciruwa. Ta ce to aƙalla ya sa uwar 'ya'yana maimakon matata, ya fi mutunci. Bakinsa ya buɗe da kansa, kalmomin nan uku, bari in gyara, suka zo har kan harshe. Ya kalli layin, ya kalli ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da aka liƙa a saman shafin, alamar an rufe shi.

“A'a,” ya ce. “Ko da ana iyawa, haka zan bar shi.”

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta sauke jakar, ta ce ya matsa ta gani da kyau, ya kuma ƙara girman rubutun don ba ta zo da tabarau ba.